Ƙananan Ɗiyan Makiyaya da Makarantar Reno

(Wannan shi ne jawabin da aka karanta a gaban makiyaya da dillalai da fataken bisashe na ƙasar Dakoro, bayan an tashi kasuwa. Mun buga shi yadda aka yi shi.)

 

Allah shi ba sarakunanmu nasara. Kowane arɗo da ke nan da kowane shugaban zango, Allah shi ja zamaninku. Malamanmu, Allah gafarta. Iyayenmu mata, sannunku da hanya. Dillalai da fatake, barkanku da kasuwa, Allah shi sa an sayar da alheri.

Mun saba in muka haɗu haka, maganarmu ba ta wuce burtali da mashaya, da tsadar dusa, da wahalar hanya daga nan zuwa Jibiya. Yau mun zo da wata magana dabam, wadda da yawa cikinmu za su ce ta mata ce. Maganar yaro ce ɗan shekara huɗu ko biyar, wanda bai isa ko bin awaki ba. Muna roƙo ku ba mu kunne har ƙarshe, don mun duba mun ga abin da ya shafi yaron nan ya shafi burtalin da mashayar gaba ɗaya.

Mece ce makarantar reno?

Ita ce wadda da Faransanci ake ce ma jardin d'enfants. Wuri ne da ake tara yara kafin su isa shiga ajin farko na lakwal, wato ajin CI. Ba a yin jarrabawa a ciki. Ana koya ma yaro ƙidaya da tsakuwa, da riƙon alli, da wanke hannu kafin cin abinci, da jiran layi, da zama da yaran da ba gidansu ɗaya ba. Kunnensa kuma yana sabawa da harshen da zai tarar a lakwal. Dokar tsarin ilimi ta Nijar, mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga watan Yuni 1998, ta sa wannan mataki cikin ilimin tushe. Ke nan hakki ne na kowane ɗan ƙasa, da na birni da na daji. Amma a wajejen 2017, cikin yara goma da suka isa shiga, ba a samun ko ɗaya cikakke da ke ciki, kuma mafi yawan waɗanda suka samu ɗiyan birane ne. In ɗan manomi na ƙauye bai samu ba, ku ƙiyasta rabon ɗan ruga.

Ƙofofin da ke gabanmu

A nan ƙasarmu, uban yaro yana da ƙofa huɗu. Ta farko ita ce makarantar reno ta gwamnati. Gwamnati ke biyan malamanta, sau da yawa kuma tana cikin filin lakwal ko kusa da shi. Aibinta a wajenmu shi ne tana manyan garuruwa, mu kuwa muna bakin rijiya.

Ta biyu ita ce ta jama'a. Mutanen gari su ke yin ɗakin, su zaɓi mace ko namiji daga cikinsu, a ba shi ɗan horo ta hannun hukumar ilimi, iyaye kuma su riƙa haɗa abin da za a ba shi. Hukumar UNICEF ta taimaka ma irin waɗannan a ƙauyukan Nijar. Wannan ita ce ƙofar da ta fi kusa da hannunmu, za mu komo kanta.

Ta uku ita ce ta kuɗi, irin waɗanda ke cikin Maraɗi. Wasu cikin manyan fatakenmu da ke zaune can suna kai ɗiyansu, ba mu ga laifinsu ba. Sai dai mai shanu goma a Kwarin Tarka ba shi da rabo a ciki.

Ta huɗu ita ce makarantar allo, wadda ta girmi sauran duka. Kada kowa ya fita nan ya ce mun ce a bar allo. Yaro na iya ɗaukar allonsa da asuba da almuru, da hantsi kuma ya je ɗakin reno. Ɗayan ba ya hana ɗayan.

Mun kuma san yaron da ke ruga ba zaman banza yake ba. Kafin ya cika shekara shida ya san sunan kowace saniya da na uwarta, ya san hakin da ke kumbura ciki, ya san kunya da haƙuri. Wannan ilimi ne, wanda bai san daji ba shi ke raina shi. Tambayarmu ita ce: ran da yaron nan ya tsaya bakin ƙofar lakwal, da me zai shiga?

Ranar farko a lakwal

Dukanmu mun ga wannan. Yaro ya cika shekara bakwai, an kawo shi daga ruga, an zaunar da shi cikin yara sittin ko fiye. A gida Fulatanci ko Tamajak yake ji. Yaran da ke kewaye da shi Hausa suke yi. Mushe kuma ya buɗe baki da Faransanci. Ɗan gari dutse ɗaya yake hawa, shi kuwa biyu. Yana jin fitsari bai san yadda zai nemi izini ba. An tambaye shi sunansa ya sunkuyar da kai, don haka aka hore shi a gida, mushe kuma ya ɗauka taurin kai ne. Yara suna dariyar kitsonsa da layunsa, suna kiransa da sunayen da duk mun sani. Kafin sanyi ya fita, ya gudu ya koma wajen maruƙa. Mushe ya rubuta cewa ɗiyan makiyaya ba su son karatu. Uba kuma ya ce dama ya faɗi, boko ba tamu ba ce. Kowa ya tafi da gaskiyarsa, yaro ne ya yi hasara.

Da yaron nan ya yi shekara ɗaya ko biyu a ɗakin reno, yana wasa da yaran nan tun ba su san bambanci ba, da ya shigo CI da Hausa a bakinsa da abokai a gefensa. A wannan shekaru yaro kan ɗauki harshe kamar yadda rairayi ke shan ruwan fari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalilin tsoronmu

Ba mu manta da inda tsoron lakwal ya samo tushe ba. A shekarun 1940 Turawan mulkin mallaka suka fara buɗe makarantu don ɗiyan masu yawo da bisashe a arewacin ƙasar nan. Da ƙarfi ake ɗaukar yara, kamar yadda ake karɓar jangali. Iyaye suka riƙa ɓoye ɗiyansu, wasu manya kuma suka tura ɗiyan barorinsu maimakon nasu. Da aka samu mulkin kai a 1960, waɗanda suka yi karatu su suka hau kujeru, waɗanda aka ɓoye kuma suka zama masu jira bakin ofis.

Sai fari ya zo, na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sannan hasarar 2010. Mun ga mai garke ɗari ya wayi gari da sanda kaɗai. Mun ga ɗiyan manyan gidaje suna gadi a Maraɗi da Kano da Legas, mata suna kitso da sayar da magani a bakin titi. Gidan da ke da ɗa ɗaya mai albashi ko mai sana'ar takarda, shi ya fara maida garke. Daga nan da yawa cikinmu suka gane cewa raba ɗiya, wasu ga sanda wasu ga alƙalami, daidai yake da raba garke gida biyu don kada annoba ta share shi dare ɗaya.

Ga kuma takardu. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, amma duk mun ga inda gonaki suka kai yau. Akwai dokar tsarin karkara ta 2 ga watan Maris 1993, wadda ta kawo kwamitocin kula da filaye. Akwai dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010, wadda ta amince cewa yawo da bisashe hakki ne na makiyayi. Dokoki ne masu amfani gare mu. Amma ran shari'ar ɓarna, wa ke karanta mana su? Wa ke rubuta abin da aka yanke? In ba mu da namu a wurin, sai abin da tafinta ya ga dama. Ku kuma fatake kun san yawan takardun da ke tsakanin kasuwar Sakabal da bakin iyaka, kun san abin da rashin karatu ke ci maku a kowane shinge. Wanda zai karanta takardun nan shekara ashirin masu zuwa, yau yana bayan uwarsa ko yana wasa da ƙasa a gindin dangwali.

Su wa ke zaune a ƙasar nan?

Ku dubi wannan taro kaɗai. Ga Hausawa manoma, Gobirawa da Adarawa da sauransu. Ga Fulanin gida, ga Woɗaɓe na wajen Bermo. Ga Abzinawa da raƙumansu. Kasuwa ɗaya muke ci. Matanmu na kai nono da mai su komo da hatsi. Bayan an saki gonaki shanunmu na cin kara su bar taki. Amma ɗiyanmu ba su san juna ba. Sau da yawa ranar farko da ɗan manomi da ɗan makiyayi za su yi magana ita ce ranar da saniya ta faɗa gona, ɗaya riƙe da sanda ɗaya riƙe da gatari.

Manyanmu da ke nan ba su manta da Toda ba, nan cikin jihar Maraɗi. A watan Oktoba 1991, lokacin da ake babban taron ƙasa a Yamai, rikicin gona ya jawo aka kashe mutum fiye da 100 a can, yawancinsu mata da ƙananan yara na makiyaya. Allah shi jiƙan su. Ba mu tuno da wannan don tada tsohon miki ba. Mun tuno da shi ne don mu tambayi kanmu: mutum kan iya cinna ma bukka wuta alhali ya san sunan yaron da ke ciki, sun ci tuwo a akushi ɗaya suna ƴan shekara biyar? Shaiɗan ba ya rasa hanya, amma sanayya tana rage masa ƙofofi.

Mun gaji wasan taubasantaka daga kakanni, Bafulatani da Babarbare, Bafulatani da Ba'are, har hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Kakanninmu sun san sai an yi dariya tare ake iya zama tare. Ɗakin reno wuri ne da za a fara dariyar tun da wuri.

A ware mana tamu, ko mu shiga ta gari?

Wasu cikinmu sun ce a nemo mana makaranta tamu ta kanmu, inda ba mai zagin ɗiyanmu. Mun fahimci dalilinsu. Ƴan'uwanmu na Najeriya suna da hukumar ilimin makiyaya tun 1989, mai hedikwata a Kaduna. Mu ma a can arewa, inda rijiya ke nesa da kowane gari, ba makawa sai an yi ɗaki a bakin rijiyar. Ko can ɗin ma ba ƙabila ɗaya ke shayarwa ba, sai a haɗa ɗiyan duk masu jan guga a wurin.

Amma inda zangonmu ke kusa da gari, shawararmu ita ce mu shiga ta gari. Kowa a nan ya san dangwali. Maraƙin ja da na fari da na baƙa, igiya ɗaya ake ɗaure su, su tashi sun san warin juna, in sun girma ba su cika faɗa a mashaya ba. Bijimin da aka sayo daga waje shi ke shan tunkuyi. Sannan makarantar da ɗan sarki da ɗan ɗan kasuwa ke ciki, ita ake gyara ma rufi in ya yaye. Wadda aka ware ma talaka shi kaɗai, ita ake mantawa.

Sai dai ba za mu shiga ido rufe ba. Ga abin da muke nema ga hukumar ilimi da ofishin komin da sarakunanmu.

Na farko, harshe. Duk ɗakin da ke da ɗiyanmu, a samu mace ɗaya cikin masu renon wadda ke jin Fulatanci ko Tamajak. Ba sabon abu muke roƙo ba. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da harshen gida a Damagaram, daga baya aka yi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamajak da Barbarci. Dokar 1998 da muka ambata ta ce harshen uwa shi ne na koyarwa a farkon karatu. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muna son ɗiyanmu su iya Hausa sosai, da ita muke ciniki, da ita muke wannan jawabi. Amma a shigar da su cikinta da hannun wadda ta san yadda ake rarrashinsu da harshen uwarsu. Ɗan Bahaushe ma zai ƙaru in ya koyi gaisuwa da ƙidaya da Fulatanci, wata rana shi ne dillali.

Na biyu, lokaci. Lakwal na buɗewa a watan Oktoba, sa'ad da da yawa cikinmu ba su sauko daga arewa ba. Kada a rufe rajista a kan yaron da ya iso bayan an saki gonaki. Wanda iyayensa suka tashi tsakiyar shekara kuma, a ba shi ƴar takarda da zai nuna a inda suka sauka.

Na uku, takardar haihuwa. Yawancin ɗiyanmu a daji aka haife su. Kada a kori yaro don ba shi da ita. A karɓe shi, sannan a taimaka ma uban ya samo ta, ko da ta hannun alƙali ne in lokacin rajista ya wuce.

Na huɗu, ɗaki. A watan Afrilu 2021 gobara ta ci azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu ƴan makarantar reno. A watan Nuwamba na shekarar, irinta ta faru a cikin Maraɗi, yara fiye da 20 ƴan shekara biyar zuwa shida suka tafi. Bayan haka gwamnati ta hana zaunar da ƙananan yara a ajin zana. Mun goyi bayan wannan hani. Ɗakin ƙasa mai ƙofa biyu, ko inuwar itace a fili, ya fi rumfar kara mai ƙofa ɗaya.

Na biyar, ruwa da abinci. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya wuni da yunwa. A samu randa da ɗan kunu ko fura da hantsi.

Na shida, mutunci. Malami ya hana zagin ƙabila a ɗakinsa kamar yadda yake hana sata. Kada a aske ma yaro kitso ko a cire masa abin wuyansa ba da sanin uwarsa ba.

Abin da ke kanmu

Wanda ya miƙa hannu yana nema, ya kamata ɗaya hannun ya zo da wani abu. Kowace makaranta tana da kwamitin iyaye. Nawa cikinmu suka taɓa zama a ciki? In ba mu je ba, wasu za su yanke a bayanmu. Kowane arɗo ya tsaida mutum ɗaya da mace ɗaya da za su riƙa halarta.

Maganar biyan mai reno kuma ba ta fi ƙarfinmu ba. Mu ne masu haɓɓanaye, mu ke ba wanda ya rasa aron saniya har ta haifa masa. Zango ɗaya zai iya ware ƴan awaki da sunan makaranta, nononsu na yara, ƴaƴansu kuma a sayar a biya mai reno. Ku dillalai da fatake, in kuka amince kuka riƙa cire ɗan wani abu daga la'ada a kan kowane kai ranar kasuwa, a sa a asusu a hannun amintattu uku, kafin shekara an yi ɗaki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mun san da rani aiki na yi mana yawa. Rijiyoyinmu na da zurfi, wasu sun wuce gaba talatin, kuma yaro ke kora sa ko jakin da ke jan guga. Amma wannan aikin ɗan shekara takwas ne zuwa sama. Ɗan shekara huɗu ba abin da yake tsare mana, sai ma dai ya hana uwarsa sakewa. In an tashi tafiya, a bar ƙananan wajen kaka tare da saniyar tatsa ɗaya ko biyu, kamar yadda wasu gidaje suka riga suka fara.

Kada kuma a ce maza kaɗai. Ɗiya mace da ta iya karatu ita za ta karanta takardar asibiti da ta maganin bisashe, ita za ta zama mai renon da muke cewa a nemo mana mai jin harshenmu. In ba mu sa ta yau ba, daga ina za a samo ta gobe?

Ga masu tsoron cewa yaro zai manta da shanu, muna cewa ɗakin reno na ɗan lokaci ne da hantsi. Da azahar yana gida, da marece yana wajen tatsa, da damina yana arewa tare da garke. Abin da zai sa ya raina kiwo shi ne in ya ji mu da kanmu muna raina shi.

Abin da muke so kowa ya tafi da shi

Kafin kasuwa ta sake ci sau huɗu, muna roƙon kowane arɗo da kowane shugaban zango ya ƙidaya mana yaran da ke tsakanin shekara uku zuwa shida a wajensa, maza da mata, da rijiyar da suke shan ruwa da rani, da garin da ya fi kusa da su. Da wannan lissafi za mu je wajen sarki da ofishin komin da mai duba makarantu. Za mu kuma je wajen masu garin da muke maƙwabtaka da su, mu ce masu ga ɗiyanmu, ga naku, mu haɗa su ɗaki ɗaya. Wanda ya je da lissafi a hannu ya fi wanda ya je da kuka kaɗai samun amsa.

 Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah shi raya mana zuri'a, shi ba mu damina mai albarka, shi kiyaye garke daga ciwo da ɓarawo, shi zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah shi maida kowa gidansa lafiya.